Likitar Tumatir

Auta ta tallabo kan Baba da hannun hagu, ta kai cokali bakinsa da na dama. Rabin ruwan ya shiga, rabi ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace, ya jiƙa wuyan rigarsa. Ta goge da tawul, ta sake ɗibowa.

"Sannu Baba. Daure ka ƙara kaɗan."

Bai amsa ba. Tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ta kafinta, zarto na hannunsa, bai sake furta kalmar da ake ganewa ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Idanunsa ne kawai suke nan yadda ta san su, suna bin ta duk inda ta juya.

Inna na zaune a kan tabarma tsakanin gadon da bango, ta miƙe ƙafafunta masu ciwon gwiwa. Ta dubi jakar kwamfutar da Auta ta tura ƙarƙashin gado.

"Yau ne abin naki ko?"

"Yau ne, Inna. In rana ta ɗan yi."

"To Allah ya sa a dace. Ki sake mayafi dai, wannan duk warin magani yake."

"Ta kwamfuta ne, Inna. Ba za su ji wari ba."

"Ke kika sani. Mutanen da suka iya ganin mutum daga wata ƙasa, hanci ne zai gagare su?"

Matar da ke jinyar mijinta a gado na gaba ta taso da wata takarda a hannu, tana gyara ɗaurin zane. Tun jiya take satar kallon Auta.

"Baiwar Allah, Inna ta ce ke dokta ce. Don Allah duba mini wannan gwajin. Likitan ya karanta da sauri, ban fahimci komai ba."

Auta ta harari Inna, Inna ta kawar da kai kamar ba ita ba.

"Yi haƙuri, ba irin wannan doktar ba ce. Digiri na uku na yi, a kan cututtukan shuka. Wata cuta ce da ke sa tumatir ya yanƙwane ya mutu a tsaye."

Matar ta riƙe haɓa. "Tumatir? Shi ma har da likitansa? Ikon Allah! To ina asibitin naku yake?"

Masu jinya na kusa suka yi dariya, ita ma Auta ta yi. Tambayar dai ta zauna mata a ƙirji, don ita ce tambayar da take yi wa kanta tun da ta kammala karatu.

Ranar da aka ba ta digirin, Baba ya rufe rumfa ya zo da sabuwar hula, ya tsaya a bayan zauren yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa waccan ta tsakiyar tasa ce. Shi ya ƙera mata akwatunan da ta shuka tumatir ɗin gwaji a bayan gida, ya yi musu ƙafafu don kada kaji su tona. Ta ɗauka daga nan ɗakin bincike za ta wuce. Sai ga ta a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, tana zana zuciyar kwaɗo a allo, yara na hamma.

Ba wai ta zauna ba ne. Kullum da safe kafin ta wanke fuska sai ta buɗe shafukan da jami'o'i da cibiyoyin bincike ke tallata gurabensu. Ta san yarensu kamar karatun allo: ana neman mai digiri na uku, na shekara biyu, mai ƙwarewa a kaza, a turo kafin ranar kaza. Ta tura har ta daina gaya wa kowa ta tura. Wasu su amsa da cewa sun yaba ƙwarai amma masu nema sun yi yawa, wasu ko amsar babu. Cikin waɗanda suka gama tare, ɗaya yana kiwon kaji, ɗaya tana sayar da labule. Kuma kusan duk tallan da ke ɗauke da kuɗin bincike na gaske yana da sharaɗi guda a ƙasansa: kada mai nema ya wuce shekara biyar da kammala digirin. Nata biyar ɗin za su cika a ƙarshen wannan shekara.

Sai ga wannan gurbin. Wata cibiya ce a ƙasa mai nisa, tana neman wanda ya san wannan cutar ta tumatir, ita ɗin dai, ba wata ba. Da ta karanta tallan sai da ta ajiye wayar ta tashi tsaye. Ta tura, suka kira ta ganawa. Saƙon gayyatar ya shigo ne tana tsaye a bakin ɗakin taimakon gaggawa, ana ɗaura wa Baba ruwa.

Yaya ya shigo da leda cike da magunguna. Direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu a hanya, ya dawo ya kwana uku ya sake fita. Ya durƙusa ya gaida Baba da Inna, sannan ya yafito Auta da ido. Ta bi shi waje, suka tsaya a baranda kusa da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci.

"Likita ya ce nan da 'yan kwanaki za su sallame shi," in ji Yaya. "Ya ce sauran aikin na gida ne. A riƙa juya shi, a riƙa motsa masa hannu da ƙafa, a kawo shi gashi duk sati."

"Na ji. Ina wurin."

"To." Ya sosa ƙeya. "Wannan ganawar taki fa?"

"Ganawa ce kawai, Yaya. Ba su ce sun ɗauke ni ba."

"In sun ɗauke ki fa? Auta, ba faɗa nake yi ba. Inna ba ta iya ɗaga bokiti. Matata na fama da yara uku, ga na goye. Ni ina hanya. In na sauka daga motar nan, da me za a sayi waɗannan?" Ya ɗaga ledar. "Ke ce kike gida."

"Ni ce nake gida saboda ban samu inda zan je ba."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. In wannan ya wuce ni, shi ke nan. Badi ko tallan na gani ba ni da ikon nema."

Ya juya yana kallon motoci. Idanunsa sun yi ja, daga hanya ya wuto asibiti ko gida bai biya ba.

"Ni ban yi karatun da kika yi ba," ya ce a hankali. "Ban san yadda abin yake ba. Abin da na sani, mutumin nan da ke kwance ko ƙuda ba ya iya korewa daga fuskarsa."

Gaskiya ya faɗa. Ita ma gaskiyar ta faɗa. Suka koma ciki kowa da tasa.

Da lokaci ya matso sai neman wuri ya zama aiki. A ɗakin marasa lafiya akwai nishi da kukan waya. A baranda ana tura gadaje. Ta gwada matattakalar bene, sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Tana tsaye rungume da kwamfuta, zufa na bin bayanta, babbar nas ta zo wucewa, wata mace mai kauri da tabarau a kan hanci, wadda kowa ke tsoron bakinta.

"Ke kuma lafiya kike zagaye kamar wadda ta yar da ɗan kunne?"

Auta ta yi mata bayani a gurguje. Nas ɗin ta dube ta sama da ƙasa, ta zaro makullai daga aljihu.

"Biyo ni. In wani ya tambaya, ban gan ki ba."

Ɗakin ajiya ne a ƙarshen baranda. Kekunan marasa lafiya da suka karye an jibge su a lungu, ga sandunan rataye ruwa, ga katifu masu leda an jingine. Amma akwai taga, akwai wurin sa caji, kuma sabis ya cika. Auta ta ɗora kwamfutar a kan wani teburin ba da magani mai ƙafa uku, ta tokare shi da kwali. Ta ɗauko farin zanen gado ta rataya a kan sanduna biyu a bayanta don ya rufe tarkacen. Ta gyara mayafi, ta zauna a kan keken da ya fi sauran lafiya, ta danne birkinsa.

Fuskoki uku suka bayyana. Wani dattijon farfesa mai furfura, shi ne shugaban sashen, da wata mata mai gajeren gashi, da wani matashi da ke ta rubutu. Suka gaisa. Auta ta ji kamar harshenta ya yi tsatsa.

Matar ce ta fara. Ta ce ta karanta abin da Auta ta wallafa, tana son ta ji dalilin da ya sa wasu gonakin suka tsira alhali maƙwabtansu sun ƙone ƙurmus.

Daga nan Auta ta manta da keken da take kai. Ta yi bayanin yadda ta bi gonaki tana tono ƙasa daga gindin shukar da ta rayu, yadda ta gano wasu ƙwayoyin halitta a cikin ƙasar da ke hana cutar shiga saiwa, yadda ta raba su ta yi rainonsu a firjin sashensu har ɗaukewar wuta ta lalata mata rabi, ta sake daga farko. Matar ta matso kusa da allon. Matashin ya daina rubutu. Farfesan ya kawo wata shakka a kan yawan samfurin, Auta ta amsa, ya sake kawo wata, ta ce masa nan kam yana da gaskiya, kuma ga gwajin da ta so yi ba ta samu kayan aiki ba. Ya yi dariya ya ce gwajin da su ma suke son yi ke nan.

Auta ta daɗe ba ta ji kanta haka ba. Ashe abin na nan, bai mutu ba.

Ana cikin haka ta ji motsi a bayan ƙofa, kamar an jingina da ita. Ta yi fatan kada a buɗe. Ba a buɗe ba. Can ta ji takun ya yi nisa.

"In an ba ki gurbin," in ji matar, "yaushe za ki iya farawa?"

Auta ta ga bakin Baba da ruwa ke gangarowa. Ta ga gwiwoyin Inna. 

"Wata mai zuwa," ta ce.

Da ta faɗa sai ta ji kamar ta saki hannun wani a tsakiyar titi. Amma ta faɗa, kuma ta san ba suɓutar baki ba ne.

Mutanen uku suka kalli juna. Farfesan ya cire tabarau ya murza ido.

"Dokta, akwai abin da ya kamata mu gaya miki, kuma da mun so mu faɗa tun farko, sai muka ga gara mu ji ki tukuna." Ya yi gyaran murya. "Masu ba mu kuɗin wannan aikin sun sanar da mu a makon nan cewa sun dakatar da shi. Ba mu kaɗai ba, ayyuka da yawa abin ya shafa. Mun yi shawara ko mu soke ganawar, sai muka ga bai dace ba, tunda mun riga mun gayyace ku. Muna so mu san mutanen da za mu nema in abin ya dawo."

Auta ta ji maganar, amma sai da ta ɗauki lokaci kafin ta shige ta.

"Yaushe zai dawo?"

"Ba mu sani ba. In an yi sa'a, badi su sake buɗewa, mu sake tallatawa."

"Sharaɗin shekara biyar ɗin fa? Nawa biyar ɗin za su cika kafin nan."

Matar ta sunkuyar da kai. Farfesan ya buɗe tafukan hannunsa.

"Sharaɗin nasu ne, ba namu ba. Za mu rubuta musu, amma ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ina so ki sani, da gurbin na nan, da ba mu daɗe muna shawara ba. Za mu neme ki in akwai wani labari."

Ta yi godiya. Har murmushi ta yi. Suka ɗaga mata hannu, fuskokin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ya rage tata ita kaɗai da farin zanen gado a bayanta.

Ta ci gaba da zama a kan keken. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo wani ɗan sassauci ne a ƙasan zuciya cewa ba za ta bar Baba ba, sannan kunyar wannan sassaucin, tunda ba ita ta zaɓa ba. Ita ta riga ta zaɓi tafiya. Babu wanda ya ji sai mutum uku a wata ƙasa, amma ita ta ji.

Ta sauke zanen ta ninke shi, ta mayar da teburin inda yake, ta kai wa nas makulli.

"Ya aka yi?"

"An gama lafiya. Na gode, Allah ya saka."

A ɗakin ta tarar an ta da kan gadon Baba, an sake masa riga. Yaya na zaune a gefensa yana yanke masa farce. Inna ta washe baki tun daga nesa.

"Ga ta nan! Zo ki ji abin da yayanki ya yi."

Yaya bai ɗago ba. Ya ci gaba da aikin farcen yana magana da yatsun Baba.

"Na zo kiran ki ɗazu, masu gwaji suna neman katin Baba. Nas ta nuna mini ɗakin. Na tsaya a ƙofa." Ya hure farcen. "Ban gane ko rabin abin da kike faɗa ba. Amma tun kina ƙarama ban taɓa jin kin yi magana da wannan muryar ba. Har dariya na ji wani tsoho yana yi. Na ce a raina, yarinyar nan ashe a gidanmu baƙuwa ce, can ne garinsu."

"Yaya..."

"Bari in gama. Na kira maigidana. Na ce ya sauke ni daga doguwar hanya, ya ba ni ƙaramar motar da ke rarraba kaya a cikin gari. Abin da ake samu bai kai ba, amma kullum zan kwana a gida. Matata za ta riƙa zuwa da rana da yaran, ni in karɓa da yamma. Za mu iya. Ki tafi abinki."

"Ni ma na ce masa bakin nan nawa bai shanye ba," in ji Inna. "In ban iya ɗagawa ba ai na iya ba da umarni."

Matar gado na gaba ta leƙo. "Likitar tumatir ta samu asibiti ke nan? Kai, barka!"

Auta ta ajiye jakar. Ta ce, "Yaya, zo mana."

Suka fita baranda, wurin tagar ɗazu.

"Kira shi," ta ce. "Kira maigidan naka yanzu ka ce ka fasa."

"Saboda me?"

"Ka yi gaggawa. Ba a gama komai ba tukuna."

"Wa zai ji abin da na ji ya ƙi ɗaukar ki?" Ya yi dariyar gajiya. "Kuma ai zance ya ƙare. Mutum nawa ke jiran motar nan? Kafin in kashe waya ya ba wani makullin. Gobe da safe za su yi lodi." Ya dafa kafaɗarta, abin da bai saba yi ba. "Kada ki sa wa ranki damuwa. Maganar da na yi miki ɗazu ce ta tsaya mini a wuya. Yanzu na ji daɗi. Me suka ce?"

Ta dubi fuskarsa. Jan idon na nan, amma goshinsa ya saki, kamar wanda ya sauke buhu. Maganar ta taso har bakinta. Ta san dole ta faɗa, yau ko gobe ko jibi, kuma duk ranar da ta faɗa motar ba za ta dawo ba.

"Sun ce za su neme ni," ta ce.

"To ai shi ke nan."

Suka koma ciki. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ta matso ta ba shi nata. Ya riƙe da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba, tafin nan da aikin katako ya sa ya yi kanta. Gefen bakinsa na hagu ya ɗaga sama, ya yi wani sauti daga maƙogwaro, ya gyaɗa kai sau da yawa. Hawaye ya gangaro daga idonsa zuwa kunne. An gaya masa, kuma ya gane.

Ta zauna a bakin gadon, hannunta cikin nasa. Inna ta jawo tabarmarta kusa, ta rage murya kamar mai shirin biki.

"Ni abin da ke damuna, an ce ƙasashen nan sanyi gare su, ke kuma ba kya jure sanyi. Akwai rigar nan mai kauri ta babanki a cikin akwati, in an rage hannun za ta yi miki. Ko ba a sanyin a can?"

Auta ta gyara wa Baba bargo a ƙirji.

"Ana yi, Inna," ta ce. "An ce ana yi sosai."